Akwatin Tungar Uwa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Bafarawa ya san Sadiƙa mai daddawa, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar mace ce baƙa, mai tsagar Gobirawa, ba ta da yawan magana. Daddawar kalwa zalla take yi, ba ta taɓa surka ta da waken suya ba, shi ya sa matan da suka san miya suke tsallake faranti biyar su zo nata. Ta ba shekara hamsin baya. Mutanen garinsu Inna Sadi suke ce mata.

A Tungar Uwa aka haife ta, wani ƙauye mai gida arba'in da 'yan kai a bakin fadama, can cikin daji tsakanin hanyar Isa da ta Sabon Birni. Mahaifinta Na'Allah manomin gero ne, mahaifiyarta kuma ita ta koya mata dafa kalwa da sanin ranar da ta nuna. Ta auri Lawwali, ɗan garin, mai kai albasa da barkono Nijar ya dawo da dabino da kanwa. Sun haifi biyar, uku suka rayu. Da ciwon hanta ya ɗauke Lawwali, ba ta saki gonarsa ba. Ita da babban ɗanta Faruk suka ci gaba da noma ta, har ta aurar da shi daga abin da gonar ta bayar.

Sai 'yan bindiga suka shigo yankin. Zuwan farko shanu suka kora. Zuwa na biyu, ana tsakiyar noman farko, suka kashe mutum huɗu suka cinna wa rumbuna wuta. Maigari Atiku ya tara jama'a a ƙofar masallaci ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. Sadiƙa ta ɗauki tukunyar kalwarta da tabarma da jikanta, ta bi ayari a ƙasa har hedikwatar ƙaramar hukuma.

A bayan tashar mota suka kafa bukkoki. Lokacin Alhaji Abdulrasheed bai cika shekara ba a kujerar ciyaman. Ya zo da kansa, ya kawo tabarmi da buhunan hatsi, bayan wata biyu ya sa aka haƙa musu rijiyar burtsatse. Sadiƙa ba ta taɓa mance wannan ba, kuma ba ta yarda a zage shi a gabanta. Amma zaman gari bai karɓe su ba. Daminar farko amai da gudawa ya shiga bukkokin, aka binne yara tara cikin mako uku. Manoma suka koma dako da tura baro. Wasu mazan kan saci jiki da sassafe su tafi gonakinsu, su yi abin da za su iya, su dawo kafin la'asar, ba mai rakiya, ba wanda ya san sun je.

A shekara ta uku aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi, ciyaman ya fito neman tazarce. Faruk, wanda ya koma kabu-kabu, ya samu shiga cikin 'yan baburan da ke raka shi yawon kamfen. Wata Laraba da hantsi Hajiya Maimunat, shugabar matan jam'iyyar ciyaman, ta iso bayan tasha da atamfofi da sabulu. Mata suka taru a inuwar darbejiya.

"Albishirinku, matan Tunga," in ji ta.

"Goro!"

"Ciyaman ya ce in Allah ya maido shi, za shi yanka muku filaye nan bayan tasha, kowa shi gina nashi. Kuma bana kun huta da wahala. Ana maganar a aje akwatin zaɓenku nan cikin gari, a haɗe da na makarantar firamare."

Aka yi guɗa. Sadiƙa ta bari guɗar ta lafa, sannan ta ce, "Hajiya, in anka haɗe su, wane suna za a rubuta bisa akwatin?"

"Na firamare mana, Inna."

"To Tungar Uwa fa?"

Hajiya Maimunat ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Inna Sadi, ina wata Tungar Uwa? Ai kango ce."

Sadiƙa ta karɓi sabulunta ta yi godiya. Da ta koma bukka ta kwance ƙullin zanenta ta ciro katin zaɓenta, ta miƙa wa Zulaihatu matar Faruk, wadda ta yi makaranta, ta ce ta karanta mata. Zulaihatu ta karanta suna, ta karanta mazaɓa, ta karanta rumfa: Tungar Uwa, ƙofar Maigari. Sadiƙa ta sa ta maimaita.

Ita ba ta yi boko ba, amma ta ga zaɓe da yawa. Ta san abin da ke kawo mai mota ƙauyen da ba kwalta, akwati ne. Ƙauyen da ba shi da akwati, ba mai tuna rijiyarsa, ba mai tuna hanyarsa. In aka haɗe nasu da na gari, to an yi wa Tunga sallar gawa, su kuma sun zama 'yan bayan tasha har jikokinsu. Ga shi kuwa Gidan Kamalu, ƙauyen da ke rabin hanya, mutanensa sun koma tun bara da aka ajiye jami'an tsaro kusa da su.

Washegari ta fara bin bukkoki ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce wa kowa kada ya zaɓi ciyaman ba. Abu guda ta roƙa: kada mace ta yi wa kowane ɗan takara alkawarin ƙuri'arta sai ya taka ƙafarsa ya je Tunga ya gani, kuma sai an bar musu akwatinsu da sunansu.

Ba kowa ya karɓa ba. Fatu, wadda aka kashe mijinta a zuwa na biyu, ta tare ta a bakin famfo.

"Yaya Sadi, ke naki mijin bisa tabarma ya cika, kina riƙe da hannunai. Ni nawa cikin kunyar gona na ɗauko shi. Kina so in maida ɗiyana can?"

Sadiƙa ta ajiye bokitinta.

"Fatu, ba ni da bakin da za ni ce miki ki koma. In kin zauna nan, wallahi ba ki yi laifi ba. Amma gonar marigayi tana can, ta ɗiyanki ce. In garin ya mutu, wa za shi shaida musu iyakarta?"

Fatu ta ɗauki ruwanta ta tafi, kuma ba ta shiga cikinsu ba har ƙarshe.

Maigari Atiku ma ya aiko kiranta. Tsoho ne da gudun hijira ya ƙara tsufar da shi. Ya ce, "Sadiƙa, mutumin nan shi ya ba mu ruwa. Ba a gwada wa mai alheri ƙarfi."

"Allah shi ja zamaninka, ba ƙarfi za mu gwada ba. Gayyata ce. Wanda ya ba ka ruwa a gidan aro, laifi ne ka ce shi zo shi ga gidanka?"

Maigari ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Bai hana ba, bai kuma sa baki ba.

Faruk ne ya fi tayar da hankali. Ya shigo da rigar kamfen a jikinsa ya ce, "Inna, maganarki ta kai sakatariya. Kina so a kore ni daga tawaga?"

"Babur ɗin naka ne ko nasu?"

"Nawa ne."

"To in sun kore ka, fasinja ba su ƙare ba. Ci abincinka."

Ɗan takarar hamayya, Malam Ni'imatullahi, tsohon malamin sakandare, ya ji labari ya zo da kansa. Kafin Sadiƙa ta rufe baki ya amince da komai, har da abin da ba ta roƙa ba. Saurin amsar ya sa ta yi shakkarsa. Ya cika rabin alkawari: ya tafi da mutanensa har kwalbatin da ruwa ya karya kafin a kai Tunga, aka ɗauke shi hoto yana nuna ramin, ya juyo. Hoton ya zaga wayoyin gari. Wasu matan suka ce ai ya je. Sadiƙa ta ce kwalbati ba ta da akwati.

Ciyaman kuwa shiru. Sau biyu ta aika ta bakin Hajiya Maimunat, aka ce yana yawon mazaɓu. Ranar Litinin sai Sadiƙa ta ɗauki tabarmarta da ƙwaryar kalwa, ta je ta shimfiɗa a gindin bishiyar da ke fuskantar ƙofar sakatariya. Mai gadi ya tambaye ta me take jira. Ta ce ciyaman. Ya ce ba ya nan. Ta ce ba ta sauri. Ta zauna tana tsintar kalwa har la'asar, ta naɗe tabarma ta koma.

Talata Zulaihatu da mata uku suka biyo ta. Laraba suka kai ashirin. Ba kwali, ba waƙa, ba zagi. Kowace ta zo da aikinta, mai saƙar faifai na saƙa, mai ɓarar gyaɗa na ɓara. Motar ciyaman ta shiga ta fita a gabansu sau da yawa, gilashi a rufe. Wani ma'aikaci ya fito ya ce su kawo takarda a rubuce. Sadiƙa ta ce takarda ai an sha kai ta, yau masu takardar ne suka zo. Ranar Alhamis rana ta yi zafi har wata tsohuwa ta suma, aka yayyafa mata ruwa, wasu suka fara cewa a haƙura. Sadiƙa ta ce duk wadda ta gaji ta je ta huta, ba a yi rantsuwa ba. Ita ta zauna. Ranar Juma'a suka wayi gari sun haura sittin.

Da hantsi motar ta fito, ta yi kamar za ta wuce, sai ta tsaya. Alhaji Abdulrasheed ya sauko. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, idanunsa sun yi ja da gajiya. Ya gaishe su, ya nemi wadda ake ce wa Inna Sadi, ya tsuguna a bakin tabarmarta.

"Inna, na ji saƙonki tun ranar farko. Ba raini ya hana ni fitowa ba, amsa ce ba ni da ita. In na ce ku koma, wani abu ya faru, jinin bisa wuyan wa?"

"Ranka shi daɗe, gaskiya ka faɗa. Amma bari in tambaye ka. Yara tara da munka binne bayan tasha, bisa wuyan wa suke?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba bisa naka ba," ta ce. "Ka yi muna ruwa, mun gode, Allah shi saka. Ina nuna maka ne nan ma ana mutuwa. Kuma mazanmu suna zuwa gona kullum, ba tare da ka ce su tafi ba. Ba mu ce ka riƙe ran kowa ba, rai na Allah ne. Mun ce ka zo ka gani. In ka gani ka ce ba ta gyaruwa, ka faɗa muna a can, gaban masallacinmu. Ni za ni fara karɓar fili bayan tasha."

"In na je, kun zaɓe ni?"

"In ka je, kowace ta ga abin da ka yi. Ni ƙuri'a ɗaya gare ni."

Ya yi murmushin da bai shirya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Talata."

Ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya zaɓe, aka tafi da motocin jami'an tsaro biyu a gaba. A kwalbatin da ta karye aka bar motoci, aka hau babura. Sadiƙa na bayan Faruk, wanda ba a kora ba. Tun daga nesa ta gane kukar bakin gari. Ciyawa ta cinye hanya. Rufin ɗakinta ya rufta, gindin rumbu ya yi baƙi, tumfafiya ta fito a tsakar gida har ta fi ta tsawo. Ta tsaya a inda murhunta yake, ta share ido da bakin mayafi sau ɗaya, sannan ta fito, don ba kuka ya kawo ta ba.

Ta zagaya da ciyaman. Ta nuna masa rijiyar da bakinta ya zube, da ajin makaranta biyu da iska ta yaye wa kwano. Sannan ta kai shi bayan gari. Nan ya tsaya cak. Gero ne kore shar, kunya bayan kunya, an yi masa maimai tsaf, a garin da aka ce kango ne.

"Wa ya noma wannan?"

"Mutanenka na bayan tasha," in ji Maigari Atiku, wanda ya biyo ayarin a ƙarshe. "Da ƙafa suke zuwa."

A ƙofar masallaci ciyaman ya yi magana, ba lasifika. Ya ce ba zai yi musu ƙarya ba. Rijiya da kwalbati aikin ƙaramar hukuma ne, ya ɗauka. Jami'an tsaro ba a hannunsa suke ba, sai dai ya roƙa, kuma zai roƙa. Akwati kuma maganar hukumar zaɓe ce, zai rubuta mata yau, amma kada su sa rai za a kawo shi nan bana.

Hakan kuwa aka yi. Hukumar zaɓe ta ce ba za ta tura ma'aikatanta Tunga ba, amma ta yarda a ajiye akwatin a Gidan Kamalu, a rumfarsa daban, da sunansa. Wasu suka ce an yi rabin nasara. Sadiƙa ta ce rabin hanya dai ya fi bayan tasha kusa da gida.

Ranar zaɓe da sassafe suka ɗunguma, wasu a babura, wasu a bayan motar ɗaukar hatsi, da yawa a ƙasa. Ba mai rigar jam'iyya a cikinsu. A jikin wata bishiyar marke aka manna takarda, Zulaihatu ta karanta da ƙarfi: Tungar Uwa. Layin mata ya fi na maza tsawo. Sadiƙa ta dangwala wa ciyaman, ba ta kuma ɓoye ba da aka tambaye ta. Ta ce shi ya iso, kuma ya faɗi abin da ba zai iya ba. Amma da yawa sun ga shekara uku ta yi yawa kafin mutum ya taka garinsu, suka ba Malam Ni'imatullahi. Da aka ƙirga a gaban kowa bayan azahar, ciyaman ya ci akwatin da ƙuri'a tara kacal. A ƙaramar hukuma gaba ɗaya ma da ƙyar ya tsallake.

Bayan rantsuwa abubuwa suka yi sanyi, kamar yadda suka saba. Sadiƙa ta koma sakatariya. Yanzu mai gadi ya san ta, har kujera yake ba ta, ita kuwa ta fi son tabarmarta. Ta je sau goma sha ɗaya kafin a gyara rijiya, wata biyar bayan zaɓe. Kwalbati sai da bazara aka zuba ta. Sintiri ya samu, amma na jeka-ka-dawo, sau biyu a mako daga Gidan Kamalu. Hajiya Maimunat ta zo ta yi mata tayin muƙamin shugabar mata ta mazaɓa. Sadiƙa ta yi godiya ta ce in ta karɓa, ranar da za ta je tambaya za a ce ta zauna ta yi shiru, ai 'yar gida ce.

Kafin ruwan farko gida goma sha bakwai suka koma. Ita ce ta uku. Faruk da abokansa suka ɗora mata rufi, ta share tsakar gida, ta kafa murhu. Filayen bayan tasha ma an yanka wa waɗanda suka zaɓi zama, Fatu na cikinsu, kuma Sadiƙa ce ke sa a noma gonar marayunta a kai mata hatsin.

A tsakiyar daminar aka ji harbi daga wajen dajin gabas. Ba a shigo garin ba, amma gida biyar suka sake tattara kaya. Faruk ya zo da babur ya ce ta hau. Ta ce ya kai Zulaihatu da yara Gidan Kamalu su kwana biyu, ita akwai kalwa a kan wuta. Bayan mako ɗaya uku daga cikin biyar ɗin suka dawo.

Da kaka Sadiƙa ta cika rumbu ɗaya da rabi. Jama'a suka ci gaba da dawowa kaɗan-kaɗan, bana gida talatin da ɗaya ne a Tungar Uwa, an yi suna huɗu, an ɗaura aure ɗaya. Tsoro bai ƙare ba, har yanzu ba mai nisa da gari bayan la'asar. Maigari Atiku ya rasu a ɗakinsa na gado, aka binne shi kusa da iyayensa. Makaranta ce dai har yau ba malami, yara sai sun taka zuwa Gidan Kamalu, ƙananan kuma ba sa iyawa. Ciyaman ya ce a ba shi zuwa bayan Sallah. Sadiƙa ta ce to, ta sa Zulaihatu ta rubuta ranar a jikin bango da gawayi.